Tambaya da Amsa: Inabi, Ƙasar da Ta Haife Shi da Abin da Ke Cikin Kwalba

Wasiƙun wannan fitowa sun taru a kan inabi: na teburin biki, na otal, na lambu da na kicin. Masu amsawa masana noman rani ne da sarrafa abinci. Aikinsu bayyana yadda abu yake. Hukuncin addini kuwa na malamai ne.

Muna shirin bikin 'yata, an kawo mini kwalabe masu kumfa an ce "wayin mara giya" ne. Wata ƙawata ta ce giya ce aka cire mata barasa. Wane ne da gaskiya? — Wata Hajiya daga Kano

Hajiya, Allah ya sanya alheri. Mai sayarwa da ƙawarki kowa na iya zama da gaskiya, domin abubuwa biyu ne daban ake sayarwa da wannan suna, kuma kwalabensu iri ɗaya ne, har da zinariyar takardar da ake naɗe musu wuya da ita.

Na farko ruwan inabi ne zalla. An matse shi, an tace, an ɗumama shi don a kashe yis ɗin da ke cikinsa, sannan aka cusa masa iskar gas irin ta lemon kwalba. Bai taɓa tsima ba. Wannan dabara ta daɗe: a 1869 wani likitan haƙori a Amurka mai suna Thomas Welch ya fara dafa ruwan inabi a kwalba don cocinsu ta samu abin sha marar sa maye.

Na biyu giya ce aka yi ta har ta kammala. Yis ya cinye sukarin inabi ya mayar da shi barasa da iska. Kimanin giram 17 na sukari a lita ɗaya ke ba da kashi 1 cikin 100 na barasa, shi ya sa inabin da ya nuna sosai ke ba da giya mai kashi 11 zuwa 15. Daga baya sai a janye barasar. Ana yin haka ta hanyar ɗumama giyar a tukunyar da aka zuƙe wa iska, inda barasa ke tashi a zafin digiri 30 zuwa 40 maimakon 78, ko kuma a tura ta da ƙarfi ta cikin mataci mai ƙananan ƙofofi. Ba kasafai take fita tas ba. Dokar Tarayyar Turai ta yarda a kira giya "wadda aka cire wa barasa" muddin abin da ya rage bai wuce kashi 0.5 ba.

Ki juya kwalbar ki karanta bayanta, ki bar gaban, don gaba talla ne. Idan kika ga "sparkling grape juice" ko "jus de raisin pétillant", kuma jerin kayan haɗi ya fara da ruwan inabi, nau'i na farko ne. Idan kika ga "de-alcoholised" ko "désalcoolisé", nau'i na biyu ne, ko da an rubuta 0.0 da manyan baƙaƙe. Kalmar "wine" ita kaɗai ba ta yanke hukunci, don a kasuwanninmu kusan duk abin da aka zuba a doguwar kwalba mai toshiya haka ake kiransa. Sai ki duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa. Malamai sun yi magana a kan nau'i na biyu, kuma ba bakinsu ɗaya ba. Wanda yake son ya huta da shakka, na farko ya ishe shi.

Abin da ba a cika faɗa ba shi ne zaƙi. Ruwan inabi zalla yana ɗauke da sukari kusan giram 15 a kowane mililita 100, wato ya fi yawancin lemon kwalba. Kwalba guda mai mililita 750 ta haura giram 100. A teburin dattawa masu ciwon sukari, a kawo ƙananan kofuna.

Ina aiki a ɗakin cin abinci na wani otal. Ni ba na sha, amma baƙi kan ambaci Bodo, Riyoha, Mendoza, in tsaya kamar baƙo a kasuwa. Me ya sa ake kiran abin da sunan gari? Ba duk inabi ba ne? — Wani matashi daga Abuja

Ɗan'uwa, ka san yadda mai saye ke tambayar albasar Aliero ko barkonon wani gari takamaimai, ya ƙi na wani? To haka abin yake, sai dai Turawa sun mayar da shi doka. Inabi na daga cikin tsirran da suka fi nuna halin ƙasar da suka fito. Rana ke kawo zaƙi, sanyin dare ke riƙe tsami, ƙasa mai tsakuwa da ba ta riƙe ruwa ke sa 'ya'yan su yi ƙanana masu kaurin ɓawo, kuma a ɓawon ne launi da ƙamshi da bauri suke. Itacen da ya sha wuya kaɗan ya fi wanda aka shagwaɓa ba da 'ya'ya masu ɗanɗano. Yawancin manyan yankunan suna tsakanin digiri 30 da 50 arewa ko kudu da tsakiyar duniya, inda itacen ke samun hunturun da zai yi barci. Italiya, Faransa da Sifen su ne ukun da ke gaba wajen yawan abin da ake samarwa.

Abu na farko da zai warware maka ruɗani: a Turai galibi sunan wuri ake rubutawa a kwalba, a Amurka, Ajantina, Ostireliya da Afirka ta Kudu kuwa sunan irin inabin. Wanda ya ce maka Bodo, a kwalba za ka ga Bordeaux, yana nufin yankin kudu maso yammacin Faransa inda kogunan Garonne da Dordogne suka haɗu. Gefen hagu na kogin tsakuwa ce, irin inabin Cabernet Sauvignon ya fi yawa, abin yana da bauri mai ƙarfi. Gefen dama laka ce, Merlot ya fi yawa, ya fi laushi. A 1855, bisa umarnin Sarki Napoleon na Uku, aka jera manyan gonakin Médoc, wani yanki na gefen hagu, hawa biyar saboda baje kolin Paris, kuma har yau da wannan jeri ake tsada. Babban canjin da aka yi masa shi ne na 1973, da aka ɗaga gonar Mouton Rothschild zuwa hawa na farko.

Burgundy, a gabashin Faransa, iri biyu ne ke mulki: Pinot Noir ga ja, Chardonnay ga fari. Shamfen sunan yanki ne a arewa maso gabashin Paris mai ƙasar alli, kuma a dokar Turai babu mai kumfar da za a kira da wannan suna sai wadda aka yi a can. Kumfarta daga tsimi na biyu take, wanda ake yi a cikin kwalbar a rufe, har matsin iskar ya kai ninki biyu zuwa uku na tayar mota. Don haka idan an ba ka ka buɗe, ka karkata kwalbar, ka riƙe toshiyar da tawul, ka juya kwalbar ba toshiyar ba, kuma kada bakin ya kalli fuskar kowa. Toshiyar na iya tsiyaye ido. Wannan gargaɗi ya shafi ruwan inabi mai gas ma, musamman idan ya sha zafin rana a bayan mota.

Riyoha tana arewacin Sifen a kan kogin Ebro, irinta Tempranillo. Chianti tana Tuscany ta Italiya, irinta Sangiovese. A kwarin Mosel na Jamus sanyi ya yi yawa, sai aka dasa Riesling a jikin tsaunuka masu fuskantar rana, wasu gangarensu ya haura digiri 60, inda baƙin dutse ke tara zafi da rana ya sake shi da dare. Kwarin Douro na Fotugal an shata iyakarsa da doka tun 1756. Mendoza ta Ajantina kusan hamada ce, ruwan samanta bai fi milimita 200 da ɗoriya ba a shekara, da narkakkiyar ƙanƙarar tsaunukan Andes ake ban ruwa. Malbec, wanda asalinsa ɗan Faransa ne, a can ya yi suna.

A nahiyarmu, Turawan Holan sun matse inabin farko a Cape a watan Fabrairun 1659, kuma Afirka ta Kudu na da nata irin, Pinotage, wanda Farfesa Abraham Perold ya haɗa a 1925. Abin da mutane da yawa ba su sani ba, kafin samun 'yancin kai a 1962 Aljeriya ce ta fi kowace ƙasa a duniya fitar da giyar inabi waje, kusan duka zuwa Faransa. Tushen abin dai ba Turai ba ne. Tsofaffin tulunan da aka tono a Jojiya, a yankin Kokesas, sun kai shekara 8,000, kuma har yau mutanen can na binne manyan randunan yumɓu a ƙasa suna tsimi a ciki.

Kada suna ya tsorata ka. A 1976 wani ɗan kasuwa Baturen Ingila, Steven Spurrier, ya shirya gasa a Paris aka rufe sunayen kwalabe, alƙalan Faransawa ne, sai ga na Kalifoniya sun zo na ɗaya a ja da fari. Kuma kusan duk itacen inabin da ke Turai yau ɗan aure ne, kamar mangwaronmu: wani ƙwaro mai cin saiwa da ya shigo daga Amurka a shekarun 1860 ya kusa ƙarar da gonakin Faransa, mafitar da aka samu ita ce a ɗaura reshen Turai a kan saiwar inabin Amurka wadda ƙwaron bai iya kashewa.

Na ga masu ɗanɗana giya a talabijin suna jujjuya kofi, su shinshina, su kurɓa su tofar. Wasa ne ko akwai ilimi? Zai yi amfani ga mai sana'ar zoɓo da lemon 'ya'yan itace irina? — Wata mai sana'a daga Maradi

Akwai ilimi, Malama, ko da yake akwai masu ƙara masa gishiri. Ga Musulmi tofarwar ba ta halatta kurɓar giya ba, ayar Suratul Ma'ida ta 90 cewa ta yi a nisance ta. Amma hanyar kanta ba ta giya kaɗai ba ce. Da ita ake tantance shayi, gahawa, zuma da man zaitun, kuma za ta gyara miki zoɓo fiye da ra'ayin maƙwabta.

Ki samu kofunan gilas marasa zane, masu faɗin ciki da tsukakken baki, duka iri ɗaya. Ki zuba kamar mililita 50, wato cokalin cin abinci uku da ɗan ƙari, kada ya wuce sulusin kofin. Ki fara da ido: ki karkata kofin a kan farar takarda. Ruwan ya yi garau ko ya yi duhu-duhu? Jan ya koma ruwan ƙasa a gefe? Wannan alamar iska ta shige shi ko ya daɗe. Sai hanci, sau biyu: kafin ki juya kofin da bayan kin juya. Juyawar ke tayar da ƙamshin, tsukakken bakin ke tara shi. Yawancin abin da muke kira ɗanɗano hanci ne ke jin sa. Ki toshe hancinki ki kurɓi ruwan abarba, za ki ji zaƙi da tsami kawai, abarbar ta ɓace.

Sannan ki kurɓa kaɗan, ki zagaya da shi ko'ina a baki, ki ɗan zuƙi iska ta tsakanin leɓɓa. Abu huɗu kike nema, kuma ki rarrabe su. Zaƙi. Tsami, wanda ake gane ƙarfinsa da yawan yawun da ya tsinko bayan kin haɗiye. Bauri, wannan bushewa da dasashi ke yi kamar an ci ɗanyar kanya ko goro. Mutane na haɗa shi da ɗaci alhali daban suke: ɗaci harshe ke ji, bauri kuwa kamewar fatar baki ce. Sai nauyi, wato bambancin da ke tsakanin ruwa da madara a baki. Daga ƙarshe ki ƙirga daƙiƙa nawa ƙamshin ya yi kafin ya gushe. Abin sha mai kyau yana daɗewa, mai ruwa-ruwa da sukari da kala nan take yake wucewa.

Don horar da harshe, ki haɗa kofi uku: ruwan sukari, jiƙon tsamiya, da baƙin shayin da aka bari ya jiƙu minti 10 babu sukari. Ki ɗanɗana kowane shi kaɗai, sannan ki zuba ɗan sukari a tsamiyar ki ji yadda zaƙi ke lulluɓe tsami ba tare da ya kawar da shi ba. Wannan daidaito shi ne duk sirrin.

Inda ake kuskure: ɗanɗanawa bayan an ci goro, yaji ko an goge baki da man goge haƙori, da ɗanɗanawa a ɗakin da aka yi turaren wuta. Sanyin ƙanƙara ma yana ɓoye aibu, ki fitar da abin daga firiji minti 15 kafin gwaji. A fara da mai sauƙi a ƙare da mai nauyi, marar zaƙi kafin mai zaƙi, a kurkure da ruwa tsakani. Kada a wuce samfuri biyar ko shida a zama ɗaya, harshe na gajiya. Mafi muhimmanci, wani ya zuba miki ya sa lamba a gindin kofi ba tare da kin san wanne ne naki ba. Kowa nasa yake so, sai an rufe suna gaskiya ke fitowa.

An ce idan aka dafa nama da giyar inabi, wuta na ƙone barasar duka. Haka ne? — Wani ɗalibi daga Lyon

Ba haka ba ne. Alƙaluman ma'aikatar noma ta Amurka sun nuna cewa bayan minti 15 ana tafasa, kusan kashi 40 na barasar na nan, bayan awa ɗaya kashi 25, bayan awa biyu da rabi kusan kashi 5. Wanda ake cinna wa wuta a kasko don burgewa ya fi riƙewa, kusan kashi 75. A can inda kake, ka lura da "au vin", "bourguignon" da "marsala" a takardar abinci. Idan girkin naka ne, abin da giyar ke kawowa tsami ne da ɗan zaƙi: kofi ɗaya na romo, rabin kofi na jan ruwan inabi marar sukari da cokali ɗaya na khal za su tsaya a madadinta.

Ina da fili kusa da madatsar ruwa, ina sha'awar inabi kamar yadda ake yi a Kudan. Amma an ce itacen ƙasar sanyi ne. Ta yaya yake yi a nan? — Wani manomi daga Zariya

Malam, maƙwabtanka na Kudan sun riga sun amsa rabin tambayar, kuma ba su kaɗai ba ne. Ana noman inabi sosai a Nashik ta Indiya, da Dodoma ta Tanzaniya, da kwarin São Francisco na Brazil inda ake girbi sau biyu a shekara. Dabarar ɗaya ce: tunda babu hunturun da zai sa itacen barci ya farka, almakashi ne ke yin aikin hunturu. Manomi ke zaɓar lokacin da itace zai yi fure ta hanyar lokacin da ya yi masa aski.

A Nashik, wadda daminarta da raninta suka yi kama da namu, aski biyu ake yi. Na farko bayan girbi, wajen Afrilu, a datse rassa a bar ido ɗaya ko biyu, don itace ya fitar da sababbin rassa ya tara ƙarfi. Na biyu idan damina ta janye, wajen Oktoba, a bar idanu da yawa a kan rassan da suka ƙosa suka koma ruwan ƙasa. Wannan ne askin 'ya'ya. Daga shi zuwa girbi kwana 120 zuwa 140 ne gwargwadon iri, wato nunar ta faɗo cikin rani, lokacin da babu ruwan sama da zai fasa 'ya'yan. Sanyin daren hunturunmu riba ne, shi ke taimaka wa launi.

Ana dasawa da reshe mai kaurin fensir mai ido uku ko huɗu, a raine shi a leda kafin a kai gona. Tazara kamar mita 3 tsakanin layi, mita 2 tsakanin itace. Ƙasar ta zama mai tsane ruwa, don inabi ya fi jure ƙishi a kan jiƙewar saiwa, fadamar da ruwa ke kwanciya ba wurinsa ba ce. Kuɗin gaske a rumfa yake: ginshiƙai da waya masu ɗaukar nauyi, kuma idan katako ne gara za ta gwada ka. Shekarar farko ta gina jiki ce, reshe ɗaya ake bari ya hau rumfa, duk na gefe a cire. Wanda ya yi kwaɗayi ya bar 'ya'ya a shekarar farko ya raunana itacen. Amfani na sosai sai shekara ta biyu zuwa ta uku.

Babban abokin gaba funfunar damina ce. Za ka ga ɗigon rawaya kamar na mai a saman ganye, farin gari a ƙasansa, sai ganyen ya zube, itacen ya shiga askin Oktoba da yunwa. Tsohon maganinta sunan Bodo yake ɗauke da shi. A 1882 wani masanin tsirrai, Millardet, ya lura cewa itatuwan bakin hanya da ake watsa wa shuɗin ruwa don tsorata ɓarayi su kaɗai cutar ta bari. Haɗin shi ne kilo 1 na kofa salfet, wato shuɗin gishirin tagulla, da kilo 1 na laim ɗin da ake jiƙawa a yi farin fentin bango, a ruwa lita 100. Ga tankin feshi mai lita 20, giram 200 na kowanne. A narka kowane daban a robar da rabin ruwan, sannan a zuba shuɗin a cikin farin ana motsawa. Kada a haɗa a bokitin ƙarfe, zai ci shi. A tsoma wuƙa mai tsabta minti ɗaya: idan ta fito da ja-ja, laim bai isa ba, zai ƙone ganye, a ƙara. A tace, a fesa ranar da aka haɗa, a tabbata ya sami ƙasan ganye. Rigakafi ne ba warkarwa ba, don haka kafin cutar ta bayyana ake fara shi, a maimaita bayan ruwa mai ƙarfi. A sa safar hannu da takunkumi.

Idan 'ya'ya sun fara laushi a rage ban ruwa, amma kada a bari ƙasa ta bushe ƙayau sannan a malale ta, wannan ke fasa su. A rage yawan nono, wato gungun 'ya'yan, idan sun yi cunkoso. Tsuntsaye kuwa raga ce kawai ke hana su, gwangwani da mutum-mutumi kwana biyu suke aiki. Kuma inabi ba ayaba ba ne, ba ya ƙara zaƙi bayan an tsinke shi. Ka ɗanɗana na can ƙasan nono, shi ke nuna a ƙarshe. Idan kana da ma'aunin zaƙi na hannu, inabin ci yana son maki 16 zuwa 18.

Na matse inabi na zuba a gora, bayan kwana biyu gorar ta kumbura, da na buɗe sai kumfa. Me ya faru, kuma yaya zan adana shi? — Wata uwargida daga Kumasi

Uwargida, tsimi ya fara. Yis na nan a ɓawon inabi, a hannu, a mataci, a iska, kuma a zafin ƙasashenmu kwana ɗaya ya ishe shi ya kama aiki. Kumfar da kumburin iskar da yake fitarwa ce, kuma duk inda ta fito barasa na tare da ita. Wannan gorar a zubar. Firiji rage masa gudu yake yi, ba ya tsayar da shi, balle inda wuta ke zuwa tana tafiya.

Ga yadda ake yi. Ki ɗauki kilo 2, ki cire tsinken duka don shi ke kawo ɗaci, ki zubar da fasassu da masu funfuna, ki wanke. Ki murƙushe da hannu ko muciya a tukunyar silba mai ƙyalli ko mai enamel. Kada ki sa a blenda, tana niƙe ƙwallon ta sako bauri. Ki ƙara ruwa kofi ɗaya, ki ɗora a wuta kaɗan minti 10 har ɓawo ya yi laushi ya saki launi. Ki juye a kyalle mai tsabta ki bar shi ya tsiyaye da kansa, idan kika matse da ƙarfi zai yi gurɓi. Za ki samu lita ɗaya da wani abu. Ki sa a firiji awa 24 zuwa 48. Za ki ga wasu 'yan duwatsu kamar yashi sun kwanta a ƙasa, ba datti ba ne, gishirin tsamin inabi ne, sai ki tsiyaye na sama a hankali ki bar su.

Sai ki mayar wuta har ya fara tafasa, ki zuba da zafinsa a kwalaben gilas da kika dafa, su ma da zafinsu don kada su fashe. Ki bar sarari kaɗan a sama, ki rufe da murfi mai kamawa, ki jera su a tukunyar ruwa mai tafasa wanda ya shanye kansu, minti 10. Gorar roba ba ta wannan aiki. Kwalbar da murfinta ya lotsa ciki bayan ta huce ta kamu, za ta yi watanni a wuri mai duhu da sanyi. Wadda aka buɗe a sha ta cikin kwana uku zuwa biyar a firiji.

Me ya sa wani zabibi baƙi ne wani ruwan zinariya? Kuma jiƙonsa kwana nawa yake yi? — Wani dattijo daga Agadas

Ranka ya daɗe, sau da yawa inabi ɗaya ne, wanda ake kira Sultana a Turkiyya, Thompson Seedless a Kalifoniya. Wanda aka shanya a rana mako biyu zuwa uku shi ke yin duhu. Na ruwan zinariya an turara shi da hayaƙin farar wuta an busar da shi a na'ura, shi ya sa launinsa bai canja ba, kuma wasu masu ciwon asma ba sa jituwa da shi. Kore kuwa a inuwa ake busar da shi, kamar a Turfan ta yammacin Sin, a ɗakunan tubali masu ramuka da iska mai zafi ke ratsawa. Kilo 4 na ɗanye ko ɗan fiye ke ba da kilo 1. Idan za a saya, a matsa a hannu: mai kyau yana da laushi bai manne ba, wanda ya yi farin gari a jiki galibi sukarinsa ne ya fito don daɗewa, mai warin tsami a bar shi.

Jiƙo kuwa, ya zo a Sahihu Muslim daga Ibn Abbas cewa ana jiƙa wa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, zabibi ya sha har zuwa yammacin rana ta uku, abin da ya rage a shayar ko a zubar. A zafin Agadas na watan Afrilu da Mayu kada a jira kwana uku. A jiƙa cikin tafin hannu ɗaya a ruwa rabin lita da dare, a rufe, a sha da safe, a wanke kwanon da ruwan zafi kafin a sake jiƙa wani, domin ragowar jiya ce ke gaggauta tsimin na yau.